Kwalbar da Ta Zo Cikin Ƙanƙara

Wata huɗu muna jiranta.
Ta iso Gombe ranar Laraba, a kujerar bayan mota,
an lulluɓe ta da ƙanƙara.
Tsawonta bai kai ƙaramin yatsana ba,
kuɗinta ya haura albashina da na Bappayo a haɗe.

Antibodi, in ji takardar.
A jinin zomo aka raine shi, can ƙetaren teku.
Zomon da ban sani ba,
Allah ya sa bai yi fushi da maratayinsa ba.
Fuska ɗaya tak aka koya masa,
kamar yaron da aka aika tashar Dukku
aka ce: mai jar hula, shi kaɗai,
kada ka kula kowa,
in ka gan shi riƙe masa riga, ka kunna tocila.

Wanda muke nema ba ɓarawo ba ne, ɗan aike ne.
Idan aka buga ƙofar ƙwayar jini
shi ke ɗaukar magana daga zaure zuwa ƙurya,
ya ce ga baƙo, a fito da makami.
A jikin wasu yini yake yana gudu da saƙo
alhali ba wanda ya yi sallama.
Sai garkuwa ta juyo ta daki mai riƙe da ita.

Na san wannan tun kafin in karanta shi.
Adda Iyatu, shekara goma sha tara tana koyarwa a Bolari,
yau alli ya fi ƙarfin yatsunta.
Da asuba gaɓoɓinta kamar an zuba musu siminti,
sai hantsi take iya murɗa kan famfo.
An ce sanyi ne. An ce sammu. An ce ta bar maiƙo.
Ba wanda ya ce mata
maigadinta ne ya daina gane ta.

Ƙarfe tara suka ɗauke wuta.
Bappayo ya ruga wajen janareta,
ina jin sa yana lallashi, rabi salati rabi zagi,
ni kuwa na jingina da firiji
sai ka ce bayana zai hana sanyi fita.
Minti ashirin da shida. Na ƙirga.

Daga nan digo biyu a kan kowane gilashi.
Jira. Wanki. Wani jiran.
Wanki sau uku, har wuyana ya sage.
Jinin mutum goma sha biyu,
an cire sunaye an bar lamba
don kada ido ya ga abin da zuciya ke so.
Nata yana ciki. Ban san wanne ba.

Ƙarfe biyun dare na kashe fitila, na sa ido a madubi.
Na ɗaya, duhu.
Na biyu, duhu, ƙwayoyin na barcinsu.
Na bakwai kuwa
kore shar, kamar gonar Dadin Kowa bayan ban ruwa,
ɗaki bayan ɗaki an kunna,
kowane da ɗan aike a tsaye cikin ƙurya
yaron namu riƙe da rigarsa.

Na yi ihu har Bappayo ya leƙo.
Sannan kunya ta kama ni:
ciwon wani nake wa murna.

Na biya ta gidanta da ƙosai da safe.
Tana zaune a rana, hannaye bisa gwiwa, tana jira su saku.
Ta ce, kun samo maganin?
Na ce a'a, Adda, ɗan aiken kawai muka gani.
Ta daɗe tana kallon yatsunta.
Ta ce, to ku tambaye shi wa ya aike shi.

Ta turo min gwangwanin madara in buɗe mata.
Saura digo goma sha shida a kwalbar.